Shekarun da bakin mahaifa ke yin shiru

A Dandamisa da ƙauyukan Makarfi, Ikara da Kudan, idan mace ta ga ruwa mai wari ko ɗigon jini bayan kwanciyar aure, abin da aka fi ce mata shi ne sanyi ne. Sai a sayo magani a kemis, ko a jiƙa sassaƙe. Wasu ba sa isa asibitin koyarwa na Shika sai jini ya ƙi tsayawa, a nan ne za su fara jin sunan sankarar bakin mahaifa.

Ƙwayar cutar HPV ce tushenta. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma yaɗuwarta ta kai matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya samu. Yawanci jiki kan kore ta da kansa cikin shekara biyu. Masu naci su ne abin tsoro, musamman nau'i na 16 da na 18, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Sannu a hankali suke sauya fatar bakin mahaifa, ba zafi, ba jini, har shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama sankara. Ga mai ɗauke da HIV, shekara 5 zuwa 10 ta isa.

A wannan tsakanin ne gwaji ke ceton rai. Ma'aikaciyar jinya za ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, ta haska fitila, ta jira minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Idan bai faɗaɗa ba, a ranar za a iya ɗora masa kan wata 'yar na'ura mai zafi na ƙasa da minti guda, mace ta koma gida da ƙafarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwaji daga shekara 30, mai HIV kuma daga 25.

Rigakafin HPV da Najeriya ta ƙaddamar a Oktoban 2023, wanda ya iso Kaduna a 2024, na 'yan mata ne masu shekara 9 zuwa 14. Iyayensu mata sun wuce wannan layi, gwaji ne nasu rabon. Abin da ke damuna shi ne, a gidajenmu da wuya mace mai lafiya ta nemi izinin zuwa asibiti ba a tambaye ta me ke damunta ba. Maigida, idan ta ce gwaji za ta je, ka ba ta kuɗin mota.