Injin Gahawa da Zobensa na Roba a Garin Arlit

Duk wanda ya taɓa sauka Arlit da azahar, bayan ya baro Agadas ya sha kilomita wajen 240 a bisa hanyar da rairayi da manyan motoci suka cinye kwaltarta, ba abin da ransa zai fara bida sai inuwa da abin jiƙa maƙogwaro. Ni kuwa da na sami inuwar a wani gidan abinci kusa da tasha, tun ban gama kakkaɓe ƙurar rawanina ba sai idona ya faɗa a kan wani abu da ke bisa kanta, an lulluɓe shi da tsohon zane, gajerun ƙafafunsa na ƙarfe sun leƙo ta ƙasa.

Na ce wa mai wurin, "Alhaji, wannan fa, keken ɗinki ne ko rediyon dā?"

Ya yi dariya, ya yaye zanen, ya ce, "Malam, injin gahawa ne, ƙirar Italiya. Wata bakwai ke nan yana azumi."

Da na tambayi abin da ya same shi, sai ya ja aljihun tebur ya ɗauko wani baƙin zobe na roba, faɗinsa kamar bakin kofi, ya bushe ƙamas ya tsage gida biyu, ya ɗora mini a tafin hannu. Wannan kaɗai ne illar. Inji mai nauyin da sai ƙarti biyu sun kama kafin ya ɗagu, mai tukunyar tagulla da famfo da bututai, ya zama kayan kallo saboda abin da a ƙasar da aka ƙera shi kuɗinsa bai fi na kofi biyu ko uku na gahawar ba.

Kafin a gane yadda irin wannan inji ya zo tsakiyar hamada, wajibi ne a tuna yadda garin kansa ya zo, domin Arlit ba irin Agadas ba ce mai sarauta da masallaci na ɗaruruwan shekaru. Faransawa suka fara ganin alamar yuraniyom a Azelik a 1957, suna cikin neman tagulla. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka aza harsashin garin a 1969, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. Sa'an nan COMINAK ya biyo baya a 1974, ya haƙa raminsa ƙarƙashin ƙasa kusa da Akokan, ya fara aiki a 1978. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa ta Agadas har Arlit, aka jawo wutar lantarki daga gawayin Anu Araran da ke yankin Cirozerin, aka gina unguwannin ma'aikata da asibitoci da kantuna inda matar injiniya za ta sayi cukun Faransa kamar tana garinsu, har mutane suka riƙa kiran wurin Faris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya ara wa fim ɗinsa na 2005. A cikin kayan waɗannan baƙi injin gahawa ya shigo. Da zamani ya juya, musamman bayan sace ma'aikata bakwai a watan Satumba na 2010, da harin da aka kai SOMAÏR a watan Mayu na 2013, da rufe ramin COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, sai Turawa suka yi ta raguwa, kayansu kuwa, kamar yadda aka saba, suka bi ta hannun kuku da boyi da dillali suka bazu cikin gari.

Mu dai a wannan yanki mutanen shayi ne, ba musu. Buzu ya hura gawayi, ya ɗora 'yar butarsa, ya zauna yana tsiyayawa daga sama har kumfa ta tashi, a sha na fari da na biyu da na uku, ana hira ba wanda ke duban agogo. Mai gaggawa kuwa ya tsaya teburin mai shayi a kaɗa masa Nescafé da madara. Amma gahawa ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, bal ma daga hannunmu ta isa Turai, don sufayen Yaman ne suka shahara da shanta a ƙarni na 15 domin ta taimake su raya dare da zikiri, har ta zama mas'ala tsakanin malamai: a 1511 wani hakimi mai suna Khair Beg ya hana ta a Makka, daga baya a cikin ƙarnin nan na 16 kuma Abdulƙadir al-Jaziri ya wallafa Umdat al-Safwa yana kafa hujja a kan halaccinta. Abin da Italiyawa suka ƙara shi ne gaggawa. Angelo Moriondo ya yi rajistar injinsa a Turin a 1884, Luigi Bezzera ya kyautata shi a Milan a 1901, Achille Gaggia ya zo da na hannu mai ja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kana a 1961 kamfanin Faema ya fito da mai famfon lantarki, ya raɗa masa suna E61 saboda husufin rana da aka yi a shekarar.

Hikimar abin a taƙaice ita ce a tura ruwan da ya kusa tafasa amma bai tafasa ba, wajen digiri 90 zuwa 95, ta cikin garin gahawa kamar giram 7 da aka danne a ɗan kwando, da matsin da ya ninka iskar tayar ƙaramar mota kusan sau huɗu, a cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Wannan shi ake kira esfireso. To, duk inda aka tara zafi da matsi da ruwa wuri guda, lalle akwai gaɓar da za ta fara gajiya, kuma galibi mafi arhar ce. Zoben robar nan shi ke toshe tsakanin kan inji da mariƙin kwando. Kullum yana cikin zafi, kullum ana murɗa ƙarfe a kansa, sai ya taurare, ruwa ya riƙa tsartuwa ta gefe maimakon ya ratsa gari. A gidajen gahawa masu ciniki akan sake shi sau ɗaya ko sau biyu a shekara. A Arlit kuwa, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ko wanda aka ajiye a aljihun tebur ba a taɓa sa shi ba yana iya tsufa a kwance. Bayan shi sai 'yar rariyar ƙarfe da ke watsa ruwa, wadda man gahawa kan liƙe, sai famfo, sai ƙarfen da ke dumama ruwa a cikin tukunya, wanda ke ƙonewa nan take idan aka kunna wuta alhali tukunya ba ruwa.

Babban magabcinsu duka shi ne farin abin nan da mata ke kankarewa daga gindin buta. Ruwan da ya daɗe kwance cikin dutse, irin wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin hamada, yakan zo da gishirin ƙasa narke a cikinsa, da an dafa shi sai ya zauna ya yi ɓawo. A buta ba ya hana komai, amma a bututun da raminsa bai fi bakin allura ba, ɗan ɓarɓashi guda ya isa ya tsai da ciniki. Ƙara da ƙura, wadda ba tagar da ke hana ta shiga, da wutar da ke tafiya ta dawo da ƙarfi ta gasa allon lantarki, sai ka ga na'urar da aka yi domin sanyin Milan tana fama da abin da maƙerinta bai taɓa mafarkinsa ba.

Abokin aikinsa kuwa, injin niƙan gahawa, shi ya fi kusa da fahimtarmu, don ɗan'uwan injin markaɗe ne da dutsen niƙa: faifai biyu na ƙarfe masu haƙora, ɗaya na tsaye ɗaya na juyi, tazarar da ke tsakaninsu ita ke hukunta laushin gari. Bambancin shi ne, mai injin markaɗe idan haƙora suka dakushe sai ya kai a wasa masa su ya dawo ya ci gaba, amma na gahawa an yanka su ne da lissafin da hannu ba ya iya maimaitawa, idan suka cinye, bayan sun niƙa ɗaruruwan kilo, sai dai a sake sababbi. Tsakuwa guda da ta ɓuya cikin ƙwaya tana iya gutsure su a rana ɗaya. Mai saye kuma tilas ya san faɗinsu, ko milimita 58 ne ko 64 ko 83, da yawan ramukan ƙusa, da ko injinsa dama yake juyawa ko hagu, domin in ya kuskure ɗaya daga cikin ukun ya sayi murfin gwangwani da tsadar zinariya.

A nan ne fa wahalar take, don sanin sunan magani daban, samunsa daban. Mai mota a Arlit yana da sauƙi, tunda safayar Toyota ba ta yankewa, in babu a nan akwai a Agadas, in babu a Agadas a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Katako a Yamai. Amma wa zai cika shago da kayan injin da masu shi a gari ba su wuce a ƙirga da yatsu ba? A dā abin yakan zo cikin jakar wanda ya dawo hutu daga Faransa. Hanyar kaya kuwa, wadda ta bi ta Tawa da Doso da Gaya ta sauka tashar jirgin ruwa ta Kwatano, tafiyar kusan kilomita 2,000, ta toshe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin. Daga baya dangantaka da Orano, kamfanin Faransa mai haƙar ma'adinin, ta yanke, har gwamnati ta mai da SOMAÏR mallakar ƙasa a watan Yuni na 2025. Idan har babbar masana'anta ta yi kukan ƙarancin kayan aiki a wannan tsakanin, ina ga mai gidan abinci da zoben robarsa? Yanzu sai a ɗauki hoton abin da waya, a aza shi kusa da ma'auni, a tura wa ɗan'uwa a Yamai ko wani direba mai zuwa Tamanrasat, a zauna jiran ikon Allah.

Alhajin ya haɗa ni da wanda ke duba masa injin, wani dattijo da ya yi shekaru yana kanikancin famfuna a ƙarƙashin ƙasa kafin ya yi ritaya. Na same shi a rumfarsa ya baje sassan wani famfo a kan buhu, kowane ƙusa a jere bisa tartibin da ya kwance shi. Ya ce mini injin gahawa ba komai ba ne face ƙaramin ɗakin tukunyar tururi, wanda ya san babba ba zai ji tsoron ƙarami ba. Bututun tagulla yakan lanƙwasa sabo, ɓawon ruwa yakan jiƙa shi a ruwan tsami har ya narke, wayar da ta ƙone ya sake ta. Ya nuna mini wani abin da ya daɗe yana ba shi dariya, watau injin Italiya ne amma zaren mahaɗin bututunsa da incin Ingila aka auna shi, don haka noti na mota ba ya hawa, ko ya hau sai ya ci zare.

Na ce, "Baba, to me ya hana ka yanka zoben daga tsohon tub na taya, yadda ake yi wa famfon rijiya?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, famfon rijiya ruwan sanyi yake ja. Wannan kuwa tafasasshe ne, kuma cikin mutum za shi. Ka taɓa jin warin taya a wuta? Shi za ka shayar da baƙonka?"

Abubuwa uku ya ce ba ya yi ko nawa za a biya shi: ba ya sa robar taya, ba ya liƙe tukunya da darma, ba ya kuma toshe bawul ɗin da ke sakin tururi idan matsi ya yi yawa, don wanda ya toshe shi ya ajiye bam a kan kanta. Na huɗun kuwa na garin nan ne kaɗai. A Arlit ba kowane guntun ƙarfe ake tsinta a kasuwa a sa a abin ci ko abin sha ba, tun da masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, da na Greenpeace a 2009, suka auna tarkacen ƙarafan da suka fito daga wuraren haƙar suna yawo a hannun mutane, suka sami waɗansu da burbushin yuraniyom a jikinsu, alhali ga maƙera suna sarrafa irinsu su yi kayan gida. Darura tana halatta abu da yawa a sana'ar gyara, amma dattijon nan, wanda ya san inda kowane bututu ya taɓa kwana, yakan tambayi asalin ƙarfe kamar yadda ake tambayar asalin mai neman aure.

A ganina, mai niyyar sayen irin wannan inji a ƙasarmu ya bar duban ƙyalli ya dubi dangi. Ƙirar E61, ko da yake ta haura shekara sittin, har yau kamfanoni da yawa suna bin ma'auninta, don haka zobenta da rariyarta suna samuwa daga hannu dabam-dabam. Na zamani kuwa mai allon taɓawa, ranar da allon ya ƙone ba maƙerin da zai tashe shi. Wanda kuma ke cin ƙananan kwanson nan da Nespresso ya fito da su a 1986, lafiyarsa lau ma yana iya mutuwa da yunwa, in kwanson ya ƙare a kanti. Na Amurka mai wutar 110 a bar shi inda yake, don tamu 220 ce.

Na sake bi ta Arlit bayan wata biyu, na tarar zane ya sauka daga kan injin. Wani direban babbar mota ne ya kawo zoben guda uku a cikin ambulan, amma da aka gwada sai aka ga kaurinsu milimita 8 ne, alhali kan injin ya riga ya ci, yana bukatar 8 da rabi. Dattijon bai ce uffan ba, ya zaro wuƙa, ya yanko siririn zobe daga takarda mai kauri, ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin robar inda ruwa ba ya taɓawa, ya murɗa mariƙi ya tsaya cak a tsakiya. Aka kunna, famfo ya yi gurnani, baƙin ruwa ya zubo siriri da jar kumfa a kansa, ba ɗigo ko ɗaya ta gefe. Alhaji ya miƙa masa kofin farko da hannu biyu. Ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ajiye, sa'an nan ya juya wajen yaron shago ya ce, "Kai, yaro, hura gawayi ka ɗora mana shayi."