Yini Guda A Tsibirin Sawakin, Mashigar Kakanninmu

Ranar Asabar da sassafe, bayan sallar Asuba, mu matasan unguwar Hausawa ta Bur Sudan muka cika motar haya muka nufi Sawakin, tafiyar kimanin kilomita 60 kudu da gari. Da yawa daga cikinmu yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ne ya koro su daga Khartum, don haka niyyarmu ita ce su sha iskar teku su ɗan manta da damuwa. Mun kuma tafi da wani dattijo daga masallacinmu domin albarka.

Sawakin ƙaramin tsibiri ne mai siffar faifai, yana zaune cikin wani lungu na Bahar Maliya, kuma hanya ce 'yar gajeriya ta haɗa shi da tudu. Da muka shige ƙofar Gordon, sai ga ruwa shuɗi shar ya kewaye mu, ga kwale-kwalen masunta masu launi-launi, ga kyanwoyi suna kai-kawo kamar su ne masu garin. An gina gidajen tsibirin ne da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku, amma yawancinsu sun zube sun zama kufai. Dalili kuwa shi ne mashigin ruwan ya yi wa manyan jirage ƙunci, sai Turawan Ingila suka fara gina Bur Sudan a 1905, fatake suka kwashe suka koma can. Masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya ne suka yi sa'a, domin Turkawa sun gyara su, har Shugaba Erdogan ya ziyarci wurin a watan Disambar 2017.

Muna tsakiyar ɗaukar hotuna sai muka ga Baba ya tsaya bakin ruwa ya yi shiru, yana duban gabas. Muka matsa muka ce, "Baba, lafiya?" Nan ya shaida mana cewa a wannan gaɓa mahaifinsa ya jira jirgin Jidda, bayan ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, yana noma a hanya yana tara guzuri shekara da shekaru. Wasu sun ƙetare sun sauke farali, wasu guzuri ya ƙare suka zauna, suka yi aure suka hayayyafa. Mu ne jikokinsu.

Gaskiya kunya ta kama mu, domin a cikinmu babu wanda ya iya faɗin garin da kakansa ya fito da kuma hanyar da ya biyo. Ko da muka zauna cin soyayyen kifi da shan gahawar jabana, hirar ke nan har La'asar.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa matasa na Kasala, Gadarif da Mai Wurno: kowa ya zauna gaban tsohon gidansu da wayarsa, ya naɗi labarin tun ana tare. Ganuwar Sawakin in ta faɗi akan sami mai gyarawa, amma dattijo in ya tafi da labarinsa ya tafi. Mu dai mun sa ranar fara namu, gidan Baba za mu soma. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya jiƙan magabata, amin.