Cindo, Ƙiba da Dundumi a Jikin Yaro Ɗaya

A Wudil da ƙauyukanta, haihuwar jariri da yatsa na shida ba ta tayar wa kowa da hankali. Wanzami zai cire, ko a ɗaure da zare, yaro ya tashi ana ce masa Cindo. Galibi ma babu wata illa. Amma idan yaron ya taso da ƙiba mai yawa tun yana ƙarami, ya yi jinkirin magana, karatu na ba shi wahala, sannan wajen shekara bakwai ko takwas ya fara tuntuɓe da zarar magariba ta yi, kada a tsaya a kan cewa dundumin rashin sinadarin bitamin A ne.

Likitoci na kiran wannan lalura Bardet-Biedl, daga sunayen Georges Bardet da Arthur Biedl, waɗanda suka bayyana ta a 1920 da 1922. Gado ce. Akwai ƙwayoyin halitta fiye da 20 da tangarɗa a ɗayansu ke jawo ta, kuma sai yaro ya gaji tangarɗar daga uwa da uba duka biyu, alhali su kansu lafiyarsu ƙalau. Irin waɗannan ma'aurata, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ta fi bayyana inda auren zumunci ya yi ƙarfi, kamar a tsakanin Larabawan ƙauye na Kuwait. Mu ma auren 'yan uwa al'adarmu ce, don haka maganar ta shafe mu. Kuma zalunci ne a ɗora wa uwa laifi, ko a ce aikin iska ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ido. Tantanin da ke can bayan ido, mai karɓar haske, shi ke lalacewa sannu a hankali. Ganin dare ke fara tafiya, sai ganin gefe, har da yawansu su makance kafin su kai shekara ashirin. Tabarau kan taimaka, amma ba ya tsayar da lalacewar.

Duk da haka zuwa asibiti da wuri na da amfani, domin lalurar kan taɓa ƙoda ba tare da an ankara ba. A fara da Babban Asibitin Wudil, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba ido da ƙoda da hawan jini da suga. A kuma fara koya wa yaron rubutun makafi tun yana da sauran gani, a duba ƙannensa su ma.