Cirani da tsofaffin da ke tsaron gida

A Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungas ta jihar Damagaram, da zarar an gama ɗaure gero, matasa sai su kama hanyar cirani. Wasu su nufi Maigatari da Kano, wasu har Aljeriya ko Libiya. Tsofaffi ne ake bari da tsaron rumbu da kiwon awaki. Kuɗi kan iso gida, amma kuɗi ba ya ganin ramar tsoho. Ƙarfinsa kan ragu sannu a hankali, ba mai lura.

Abin da ya faru a ƙasar Sin

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasar Sin, matasa masu yawa sun bar ƙauyuka sun tafi aiki birane. Daga 1980 zuwa 2015 kuma, hukuma ta taƙaita haihuwa, iyalai da yawa ɗa ɗaya suka samu. Ƙidayar 2020 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 264. Da yawa daga cikinsu suna zaune ba tare da ƴaƴansu ba. A 2013 har doka ta fara aiki wadda ta wajabta wa ƴaƴa ziyartar iyayensu a kai a kai. Ashe su ma sun gane cewa zumunta a ƙafa take.

Abubuwa shida da za mu duba

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwarin kula da tsofaffi. Abubuwa shida ake dubawa:

1. Motsi. Tsoho ya tashi daga kujera sau 5 ba tare da dafa hannu ba. In ya wuce daƙiƙa 14, ƙafafunsa sun fara rauni.
2. Abinci. Shin ya rasa kilo 3 cikin wata 3? Shin ba ya marmarin abinci?
3. Gani. Yanar ido tana yawa ga tsofaffi, kuma likita yana cire ta da aiki.
4. Ji. Mu tsaya bayansa mu yi raɗa, mu ga ko zai maimaita.
5. Tunani. Mu faɗa masa kalmomi 3, bayan ɗan lokaci ya maimaita su.
6. Walwala. Shin ya daina fira? Shin ya daina zuwa kasuwa da suna da biki?

Abubuwan nan a haɗe suke. Wanda ba ya ji sosai yakan guji taro. Kaɗaici ya hana shi ci, rashin ci ya raunana ƙafa, sai faɗuwa ta biyo baya.

Kafin mu tafi

Mu kai iyayenmu gidan likita a auna jininsu, a duba idanunsu. Mu tanadar masu wake da gyaɗa da busasshen zogale. Mai ƙarancin haƙori a dama masa fura da nono ko kunun gyaɗa. Mu ambaci sunan mutum ɗaya cikin dangi ko maƙwabta, wanda zai leƙa su kullum, ya ɗebo masu ruwa. In mun kira waya, kada mu tsaya ga “lafiya lau”. Mu tambaya: “Inna, me kika ci yau? Baba, ka je masallaci da ƙafarka?” In amsa ba ta gamsar ba, mu aiki wani ya kai su likita tun da wuri.