Yana riƙe da izu biyar a ka, amma darasin jiya ya gudu: Me ke faruwa a ƙwaƙwalwar ɗan ƙaramar sakandare?

A Karkarna, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Yankwashi, da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba abin mamaki ba ne a ga yaro ɗan shekara 13 ya zauna gaban malam da asuba ya kawo shafi guda na Alƙur'ani da ka, babu tuntuɓe. Ƙarfe takwas yana cikin aji da kayan makaranta. A tambaye shi abin da aka koyar a darasin kimiyya makon jiya, sai ya sunkuyar da kai.

Iyaye sukan ce boko ne bai karɓe shi ba. Wasu malaman sukan ce ba shi da kai. Kalmar "daƙiƙi" ba ta da wuyar fita, kuma idan yaro ya ji ta sau da yawa sai ya yarda. A ƙarshen aji uku kuwa jarrabawar kammala ƙaramar sakandare na jiransa, haka ma ta neman gurbi a makarantun kimiyya na jihar Jigawa, irin ta Lautai da ke Gumel.

Ƙwaƙwalwar da ta riƙe izu biyar dai ita ce ta saki darasin jiya. Bambancin yana cikin yadda aka ba ta kayan, kuma wannan abu ne da za a iya koya wa ɗalibi a aji ko da babu wuta, babu kwamfuta.

Mantuwa ba ciwo ba ce

A shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, yana auna abin da ya rage. Bayan awa ɗaya fiye da rabi ya zube. Bayan kwana ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya saura. Ya kuma lura cewa idan aka rarraba maimaici a kan kwanaki, ya fi amfani a kan a tara shi a zama ɗaya.

Ke nan yaron da ya kwafi rubutu daga allo a watan Oktoba, bai sake buɗe littafin ba sai daren jarrabawa a Disamba, bai yi wani abin kunya ba da ya manta. Babban farfesa ma haka za ta same shi.

Malami na iya nuna wannan cikin minti biyar. Ya karanto lambobi huɗu, ɗalibai su rubuta. Ya ƙara zuwa bakwai, sannan goma sha ɗaya. Kafin a kai ƙarshe yawancin ajin sun ruɗe. Tun 1956 masanin Amurka George Miller ya yi bayanin cewa abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda bai cika wuce bakwai ba, binciken baya-bayan nan ma ya rage shi zuwa kamar huɗu. To me ya sa kowa ke riƙe lambar wayar mahaifinsa mai lamba 11? Saboda ana karya ta gida uku: huɗu, uku, huɗu. Wannan ita ce dabarar farko, kuma yara sukan gano ta da kansu kafin malam ya faɗa.

Abin da tsangaya ta riga ta sani

Duk wanda ya yi makarantar allo a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura ya san ƙa'idar: ba a wanke allo sai an biya karatun gaban malam. Ba a ba almajiri sura guda mai tsawo a lokaci ɗaya, 'yan layuka ake rubuta masa daidai ƙarfinsa. Yana maimaitawa da asuba, da yamma, da dare a gefen wuta. Abin da ya wuce kuma ba a barin sa ya kwanta, ana komawa tilawa. Da haka ake samun alaramman da zai rubuta izu sittin ba tare da ya duba ba.

Idan aka warware wannan tsari za a ga abubuwa uku da masana ke ta nanatawa a yau: gutsura karatu, rarraba shi a kan lokaci, da fito da shi daga kai ba tare da kallon rubutu ba.

Na ukun shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi a boko. A 2006 masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta karanta shi har zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sannan aka sa su rubuto abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu yawan karantawa ne a gaba. Bayan mako guda lamarin ya juye: masu gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin 100, sauran kashi 40. Abin lura, masu yawan karantawar su ne suka fi tabbacin cewa za su tuna. Ido yana sabawa da shafi, sai mutum ya ɗauka ya iya.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Hadda tana kiyaye lafazi harafi da harafi, kuma abin da ake buƙata ke nan a wurinta. Jarrabawar lissafi kuwa za ta sauya lambobin, ta kimiyya ta juya tambayar. Ɗalibin da ya haddace jimlar Turanci bai san ma'anarta ba, da an taɓa kalma ɗaya ya ɓace. Shi ya sa yake da kyau bayan rufe littafi yaro ya gwada bayyana darasin da Hausa, ga ƙaninsa ko ga mahaifiyarsa tana tankaɗe. Inda ya maƙale, nan ne bai fahimta ba.

Mutumin da ya daina tara sabon tunani

Labarin da ya fi kama hankalin yara shi ne na Henry Molaison. A 1953 likitoci a Amurka suka yi masa tiyata saboda farfaɗiya mai tsanani, suka cire wani ɓangare daga kowane gefe na ƙwaƙwalwarsa, ciki har da yawancin sashen da ake kira hifokamfos. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar har rasuwarsa a 2008, kusan duk sabon abin da ya faru da shi yakan ɓace cikin 'yan mintuna, alhali yana tuna ƙuruciyarsa.

Mai bincike Brenda Milner ta sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannun na ƙara ƙwarewa, shi kuwa ba ya tuna ya taɓa yi. Daga nan aka tabbatar cewa tunawa ba iri ɗaya ba ce: iya tuƙa keke ko riƙe garma hanyarsa dabam, tuna sunan babban birnin Nijar hanyarsa dabam.

Wannan sashe yana aiki sosai lokacin barci, inda ake ƙarfafa abin da aka koya da rana. Likitocin barci suna ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga 'yan shekara 13 zuwa 18. Yaron da ya kai ƙarfe 12 na dare a gidan kallon ƙwallo ko a kan wayar yayansa, ya tashi da asuba, ya ci bashin da zai biya a aji. Haka wanda ya fito ba karin kumallo: ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce na nauyin jikin babban mutum, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa. Ƙarancin jini da yawan zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta da damina, su ma suna rage natsuwa.

Babban hutu a wannan yanki yana faɗowa ne daidai lokacin aikin gona, littafi kuma ya kwana a jaka makonni. Malamin da ya buɗe zangon Satumba da sabon darasi kai tsaye yana gini ne a kan abin da rabinsa ya zube. Minti goma na farkon kowane darasi sun isa: a rufe littattafai, a yi tambaya biyu daga darasin jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga zangon da ya wuce, ba maki, ba bulala. A ajin da ke da yara da yawa, kowa ya juya ga na kusa da shi su biya wa juna, kamar yadda suke yi da yamma a makarantar allo.