Gidan Haya Kiwo Ne, Sai Ya Ci Yake Bayarwa

Idan ma'aikaci ya kusa ajiye aiki, ko ɗan kasuwa ya samu 'yar rarar da yake tsoron kada ta narke a hannunsa, shawarar da zai fi ji a majalisa ɗaya ce: "Alhaji, ka gina gidan haya ka huta." Ginawar ba ni da ja a kanta. Hutun ne ban taɓa gani ba.

Wani kawuna da ya yi ritaya ya karɓi giratutinsa ya zuba a fulotinsa da ke bayan gari a Kano, ya fitar da ciki da falo huɗu, kowanne da kicin da banɗaki. Na tuna yammacin da ya zaunar da ni a kan tabarma, ya juya bayan wata tsohuwar ambulan, ya buga lissafi: kuɗin haya sau huɗu, sau shekara goma. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin jimlar yana murmushi. Babu layin gyara a ambulan ɗin, babu na watannin da ɗaki zai zauna a rufe, babu na ɗan hayar da zai ce "Baba, a ƙara mini haƙuri." Damina biyu kacal aka yi, silin ɗin ɗaki ɗaya ya rufto saboda yoyo, sokawe ta cika, wani ɗan haya kuma ya kwashe kayansa da asuba ya bar bashin wata bakwai da ƙofar banɗaki a ɓalle. Da na koma gaishe shi, sai ya ce mini, "Ɗana, ashe saniya na saya, ba rumbu ba."

Wannan maganar tasa ita ce gaskiyar sana'ar. Rumbu ajiya ake yi a ciki a ɗebo. Saniya kuwa sai an ba ta dusa da harawa, an kira mata likita, sannan a tatsa.

Mu fara da lissafin da ba a son yi. A ƙaddara mutum ya kashe naira miliyan 30, fili da gini, ya samu sassa huɗu, kowanne ana biyan dubu 450 a shekara. Jimla miliyan 1 da dubu 800 ke nan, wato kashi 6 cikin ɗari na abin da ya zuba. Idan aka cire fenti da gyaran famfo da kwashe sokawe da harajin ƙasa, aka kuma cire sashe ɗaya da ya yi wata uku babu kowa, da ƙyar a tsira da miliyan 1 da dubu 400. A haka, kafin kuɗin haya kaɗai su dawo da uwar kuɗi an haura shekara ashirin. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadin, amma ya sa shi da gaskiya. Sai a tuna cewa a ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, kuma buhun simintin da ake saye wajen dubu biyar a 2023 ya kai dubu goma, har ya wuce a wasu garuruwa, a farkon 2024. Kuɗin haya kuwa sau ɗaya ake yanke shi a shekara. Mai gida yana karɓar farashin bara, yana gyara da farashin bana.

Don kwatance, takardar zuba jari ta Sukuk ta farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, ta naira biliyan 100, ta riƙa biyan fiye da kashi 16 cikin ɗari a shekara, ba tare da mai ita ya taɓa kiran falamba ba. To me ya sa har yanzu mutane ke rububin gina gidan haya, kuma ba wawaye ba ne? Saboda ribar gaske a ƙasa take, ba a ɗaki ba. Kuɗin takarda darajarsu zaizayewa take yi, fili kuwa a garin da ke faɗaɗa kamar Kano ko Kaduna ko gefen Abuja tashi yake yi tare da tsadar rayuwa. Wanda ya fahimci haka zai ɗauki kuɗin haya a matsayin abin da ke riƙe gidan da kuma cefane, ya bar wa shekaru aikin haɓaka dukiyar. Wanda bai fahimta ba shi ne zai ci bashi ya yi gini, yana zaton haya za ta biya.

Tunda ribar a ƙasa take, to a ƙasar ake fara yin hattara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma takardar shaidar mallaka ita ce hujjarsa. Sayar da fili mai irin wannan takarda ma sai da amincewar gwamna cinikin ke cika a idon doka. Yawancinmu awon igiya muke saye, da takardar mai unguwa da shaidu biyu, don ya fi araha. Ba laifi ba ne a fara da hakan, amma laifi ne a ɗora ginin miliyoyi a kai ba a je an bincika ba. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, inda ake duba ko filin na wani ne, ko hanya ce, ko makaranta aka ware wa. Izinin gini kuma a Kano wajen KNUPDA ake nema, a Kaduna KASUPDA. Duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya san katafila ba ta tambayar nawa aka kashe. Sai kuma gidan gado. Idan da araha aka kawo maka shi, tambayi magada nawa ne, ka tabbata kowa ya sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. Ƙanwa ɗaya da ba a shawarta ba ta isa ta tsayar da kai a kotu shekaru.

Wurin da gidan yake shi ke zaɓar maka 'yan haya tun kafin ka gan su. A Samaru ta Zariya, ko a Ɗanbare da Rijiyar Zaki kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki ba ya kwana, ɗalibai na jira. Amma masu irin waɗannan gidaje ba su manta da 2022 ba, lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakuna suka zauna da kwaɗo a ƙofa, aka shiga jayayyar ko watannin suna cikin lissafi. A Mararaba da Suleja ma'aikatan Abuja ne da tsadar cikin birni ta koro, albashinsu ne ma'aunin abin da za ka iya karɓa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya gina irin gidan da shi yake sha'awar zama, da tayil mai tsada da rufin zamani, a unguwar da mazaunanta ba za su iya biya ba. Ɗan haya ruwa yake tambaya da wuta da hanyar da ba ta yankewa da damina, kafin ya ɗaga kai ya dubi silin.

Daga nan sai babban aikin, wato mutane. Dillali la'adarsa yake nema, yawanci kashi goma cikin ɗari, kuma da zarar ta shiga aljihu ya gama nasa. Kai ne za ka zauna da wanda ya kawo. Saboda haka kada ka bar masa tantancewa. Ka zauna da mai neman gidan, ka san sana'arsa, ka san mutum nawa za su shiga, ka tambayi dalilin barinsa inda yake, in da hali ka ji daga bakin tsohon mai gidansa. Ɗaki ya yi wata biyu a rufe ya fi a ba wanda za a shekara ana shari'a da shi. Wanda kuma ya fi wuyar sha'ani shi ne ɗan'uwa. Ba a iya yi masa tuni ba tare da maganar ta isa gidan suna ba. In za ka taimaki ɗan'uwa da ɗaki, ka ba shi kyauta ka san sadaka ka yi, ko ka yi masa takarda kamar kowa. Tsakanin biyun nan ne zumunci ke lalacewa.

Takardar nan ita ce muke jin kunyarta. Sai ka ji an ce, "Haba, ai mun zama ɗaya, mene ne na rubutu?" Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma malaman fiƙihu sun sharɗanta a san kuɗin haya a san muddarsa kafin ƙullin ya inganta. Shafi biyu sun isa: nawa za a biya, yaushe, wane gyara ne na mai gida, wanne ne na ɗan haya, ko an yarda ya saka wani a ɗakin, nawa aka ajiye saboda ɓarna, da wa'adin da za a bayar idan ɗaya yana son rabuwa. A ɗauki hoton ɗakin ranar shiga. A ba da rasit duk lokacin da aka karɓi kuɗi, ko ta banki aka turo. Sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai biyan haraji rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya, iyakarsa naira dubu 500, don haka ma'aikata za su ƙara neman rasit, kuma abin da mai gida ke karɓa zai ƙara fitowa fili. Kuɗin haya dai kuɗin shiga ne da haraji ke hawa kansu. Zakka kuwa ba ta kan ginin, tana kan abin da aka tara daga hayar idan ya kai nisabi ya shekara.

Wanda bai taɓa halartar taron rabon kuɗin wuta a gidan yawa ba bai san rigima ba. Ana zaune a tsakar gida da takardar bil a tsakiya, ana ƙirga ƙwan fitilar kowa, wannan ta ce waccan tana da dutsen guga, waccan ta ce ai an ga hita a ɗakin wancan. A ƙarshe wani ya ƙi biya, a zo a yanke wa kowa, bashin kuma ya taru a kan gidan har bayan masu shan wutar sun tashi. Mita mai kati ga kowane sashe tana da tsada a farko, amma ban san kuɗin da mai gida zai kashe ya sayi kwanciyar hankali kamar wannan ba. Haka batun ruwa: in akwai bohol, a rubuta wanda ke sayen mai ko gyaran famfo tun kafin ya lalace.

Gyara kuwa ba ya jira. Kwano ɗaya da iska ta ɗaga a watan Mayu, in an bar shi, zuwa Agusta ya ci silin da katako da fentin bango. Mai gida mai hankali yakan ware wani abu daga kowace haya, ko da kashi goma ne, ya ajiye shi daban kamar ba nasa ba, ya kuma zagaya gidan da kafinta kafin ruwan farko: a duba rufi, a yashe kwata, a gyara indararo.

Sai ranar da zama ya ƙi. A nan ne masu gida da yawa ke mayar da gaskiyarsu laifi. An ga wanda ya cire ƙofa, an ga wanda ya kware rufi ana tsakiyar damina, an ga wanda ya turo matasa suka watso kayan mutum waje. Duk wannan doka ba ta yarda da shi ba, ko da ɗan hayar shekara biyu bai biya ba, kuma yana iya kai ƙara a ci mai gida diyya. A dokar da ake bi a Abuja da jihohi da dama, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara-shekara na wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, a ƙara masa na kwana bakwai cewa za a je kotu, sannan alƙali ne zai ba da umarnin fitarwa, ma'aikatan kotu su zartar. Kuskure kaɗan a kwanan watan notis na iya sa a koma farko, shi ya sa kuɗin lauya a nan ba asara ba ne. Kafin a kai ga haka, mai unguwa da limamin unguwa sun sha kashe irin wannan wutar a zama ɗaya, musamman idan mai gida ya yarda ya yafe wani abu don a ba shi makullinsa.

Ƙarin kuɗin haya haƙƙin mai gida ne, tunda shi ma kasuwa ɗaya yake shiga da kowa. Amma a ganina ninka wa mutum haya dare ɗaya, ana saura mako biyu wa'adinsa ya cika, zalunci ne, kuma rashin iya kasuwanci ne. Ɗan hayar da ke biya a kan lokaci, yana share kwata, yana kiranka tun yoyo yana ɗigo, ya fi baƙon da zai ƙara maka dubu hamsin ya bar maka gyaran dubu ɗari biyu. Jihar Legas tun 2011 ta hana karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Mu ma da za mu rage dogon buri, mu karɓi ta wata shida daga mai albashi, da bashin da ake bin 'yan haya ya ragu.

Kawuna yana nan da gidansa. Ya sa mita huɗu, ya sayi littafin rasit, kuma yanzu shi da kansa yake zama da duk mai neman ɗaki. Filin ya ninka kuɗinsa, hayar kuwa cefane take yi masa da kuɗin magani. Kai da ke shirin sauke bulo bana, kafin tifar yashi ta farko ta iso, ka je ofishin filaye da takardarka, sannan ka sake buga lissafin nan da layin gyara a ciki.