Likitan Ƙwaƙwalwa: Inda Aka Horar da Shi, Can Yake Zama

Yaron da ya gama sakandare a Argungu da burin zama likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sai ya ɗaura ɗamarar shekara 13 ko fiye: shida a jami'a, ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta bautar ƙasa, sannan biyar zuwa shida na horon ƙwarewa, in yajin aiki bai ƙara masa ba. Shaidar takan fito ne daga kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma.

Tsarinmu gadon Ingila ne: sai ka fara ƙwarewa a cututtukan jiki gaba ɗaya kafin ka karkata ga ƙwaƙwalwa. A Amurka shekara 4 ce bayan makarantar likitanci, uku daga ciki kan jijiyoyi zalla. Jamus shekara 5 take ɗauka. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun daɗe suna tura nasu Dakar, Abijan ko Maroko, su yi shekara 4 da Faransanci.

A ganina doguwar hanyarmu ta dace da mu. Dattijon da aka ɗauko a bayan mota daga fadamar Rima, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ba shanyewar ɓarin jiki kaɗai ya zo da ita ba. Akwai hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, wataƙila da ciwon suga. Mai duba shi dole ya san jiki duka. Haka ma sanƙarau, irin wanda ya ɓarke a Zamfara, Sakkwato da Kebbi a 2017.

Matsalar tana wurin horon. Kwalejojin ba sa amince wa asibiti ya horar sai yana da ƙwararrun da za su koyar, da kayan aiki kamar na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa. Inda babu malami babu ɗalibi, don haka ɗan Kebbi kan nufi Sakkwato, Kano, Zariya ko Ibadan. Kafin ya gama ya yi aure, yara sun shiga makaranta, ga jarrabawar PLAB ta samun izinin aikin likita a Ingila tana ɗaga masa hannu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna ma'aikatan wannan fanni 0.1 ne ga kowane mutum 100,000 a ƙasashe matalauta, 7.1 a masu arziki.

Giɓin nan masu ruƙiya da masu maganin gargajiya ke cike shi. Yarinya mai farfaɗiya akan ce iska ce, a yi ta hayaƙi har ta bar makaranta, alhali ƙwayoyi masu araha kan tsayar da faɗuwar a wajen mafi yawan masu ciwon. Wannan ba sai ƙwararre ba. Likitan babban asibitin Argungu da ya samu horon 'yan watanni zai iya, muddin yana da wanda zai bugo wa waya a Birnin Kebbi idan lamari ya fi ƙarfinsa.